Inda Na Ajiye Uwar Mijina

Ba a yi mini golmo ba. Da wannan zan fara, don duk abin da ya shiga tsakanina da uwar mijina daga nan ya taso. A ƙasarmu ta Zuru, saurayin da yake son yarinya yakan yi shekara bakwai yana noma a gonar ubanta, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Golmo ke nan. Ni kuwa a bariki na girma, ubana soja ne, ba shi da gonar da za a duƙa a ciki. Mijina ma soja ne. Ya gan ni ina suyar ƙosai a bakin ƙofar bariki, ya turo dattawa da kaya, aka ɗaura mana aure a coci, shi ke nan.

Ranar da aka kai ni gidansu a Dabai, uwarsa ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ta juya ga matan da ke wurin ta ce, "Wannan ce? Ko ɗigon gumi ba a zubar dominta ba." Suka kwashe da dariya. Tun daga ranar ba ni da suna a bakinta sai 'yar bariki. Facalata kuwa, matar wan mijina, wadda aka yi wa shekara bakwai cif, "ɗiyata" take ce mata. In facalata ta tuƙa tuwo, Mama ta ci har ta suɗe hannu. In nawa ne, sai ta buɗe kwanon, ta shinshina, ta miƙe a hankali ta zaga bayan rumbu ta juye wa aladu. Ba ta ɓoyewa, so take in gani.

Da na haihu, mun riga mun kama ɗakin haya a cikin Zuru. Mama ta zo barka, ta ɗaga jaririyar ta juya ta, ta ce, "To, Allah ya sa ita a duƙa dominta." Na ce amin. Na kuma ajiye maganar inda nake ajiye irinta.

Yarinyar ta fara tafiya ke nan gigin tsufa ya kama Mama. Da farko tukunya take mantawa a wuta. Daga baya ta fara kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa, tana amsa musu. Kullum da safe sai ta nemi ƙwarya, wai za ta kai wa 'yan golmo kunu a gonar ubanta, gonar da tuni an gina makaranta a kanta. Sai ɗan facalata ya kwanta zazzaɓi, aka ce an ji Mama tana kiran sunansa a bakin rijiya. Daga nan kalmar ta fito. Mayya.

A lokacin an tura mijina aiki ƙasar waje. Wata rana ina wanki sai ga wansa da Mama a kan kabu-kabu, da kayanta a ɗaure cikin tsohon zane.

"Amarya, ki ɗan riƙe mana Mama kwana biyu. Ke kina kusa da asibiti."

"Ni, Yaya? 'Yar bariki?"

"Haba, har yanzu ana tuna wannan?"

"Ni dai ina tunawa."

Ya yi dariya kamar na yi masa wasa, ya hau babur ya tafi. Kwana biyun nan har aka yi girbi ba su cika ba.

Ni mutum ce mai fargaba tun asali. Ko tari yarinyata ta yi sai na tashi na taɓa goshinta. To ga shi an kawo mini tsohuwar da ba ta bambanta gishiri da garin sabulu. Na ɓoye ashana a cikin jakata, wuƙa a saman bango, kananzir a ɗakin maƙwabciya. Ba ta san ni ba sam. Amma tuwona, wanda a da aladu ke ci, yanzu tas take cinye shi, ta suɗe yatsu, ta ce, "Ɗiyata ta iya tuwo." Facalata take nufi. Ni in tuƙa, waccan ta sha yabo tana can Dabai ta miƙe ƙafa.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman, na je kai niƙa ne, na bar yarinyar tana barci, Mama tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Na dawo babu kowa. Na shiga gida gida da ƙullin gari a kaina, ina ihu, ban ma san ban sauke shi ba. Wani mai kabu-kabu ne ya ce ya ga tsohuwa da goyo a hanyar Dabai. Can muka same ta, rana tsaka, ba takalmi, riƙe da ƙwarya wadda ba komai a ciki. Ta goya yarinyar a karkace, kanta yana lilo, leɓenta ya bushe, ko kukan ta kasa. Da na kwance goyon Mama ta kai mini duka, wai in bar mata ɗanta, 'yan golmo suna jiranta.

Mijina ya bugo ta wayar maƙwabcinmu. Layin yana yankewa, amma na ji abin da nake bukatar ji. Ya ce, "Ki nemi wurin da za a riƙe ta. Yaya ya ce akwai gidan addu'a wajen Sakaba. Ki je ki duba. Duk inda kika zaɓa, na yarda."

Duk inda na zaɓa. Na miƙa wa mai waya wayarsa, na koma ɗaki na dubi Mama tana gyangyaɗi. Shekarun nan duka tana zaɓa mini suna, yau ni zan zaɓa mata makwanci. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Facalata da kanta ta zo rakiya, har da sabon ɗankwali. A bas sai zuba take. "Ke dai ki gani, mutumin nan yana da wuta. Ko dutse ne sai ya yi magana a gabansa. Ga wurin da nisa, kowa ya huta."

Wurin wata rumfar kwano ce doguwa a bayan gari, an kewaye ta da zana. A ƙarƙashinta mutane ne zaune a ƙasa, an sa musu mari a ƙafa an haɗa da kututture. Akwai samari, amma tsofaffin mata sun fi yawa. Mai gidan addu'ar ya fito cikin farar riga har ƙasa, ya yi mana bayani da murya mai taushi. Azumi za a sa ta, ba ci ba sha sai rana ta faɗi. A yi ta addu'a a kanta har ta furta da bakinta, a gaban jama'a, waɗanda ta ci. Ranar furtawa dangi su tsaya a bayanta su ce amin.

Na dubi wata tsohuwa mai jikin Mama, idon sawunta ya yi miki a wurin ƙarfen. Na cire fuskarta na sa ta Mama. Tausayi bai zo mini ba. Aladun bayan rumbu ne suka zo mini. A raina na ce, kin ƙi tuwona da ƙoshi, to ki neme shi da yunwa.

Facalata ta durƙusa ana ɗora mata hannu, ni kuma na fita bakin zana in ba yarinyata ruwa. A nan na tarar da wata mata zaune a kan dutse, ta kawo wa uwar mijinta zane. Ta leƙa goyona ta ce, "Mace ce?"

Na ce mace ce.

"Wadda za ku kawo, kakarta ce?"

"Uwar ubanta."

Sai ta ce, "Tamu ta furta bara. Yunwa ta sa ta lissafa har waɗanda ba su mutu ba. Muka ce amin. Babbar 'yata ana cikin yi mata golmo, an yi nisa. Sati bai zagayo ba yaran suka zo suka kwashe garemaninsu daga gonarmu. Wa zai duƙa don jikar mayya?"

Na kai hannu baya na dafa yarinyar da ke goye. Ni da na san abin da ake ce wa wadda ba a duƙa dominta ba, saura kaɗan in saya wa 'yata sunan da ya fi nawa muni, da amin ɗin bakina. A bas ɗin dawowa facalata ta ce yaushe za mu kawo ta. Na ce zan yi tunani. Ban gaya mata abin da matar nan ta faɗa mini ba.

A zumuntar mata ta coci na ji labarin ɗaya wurin. Wata tsohuwar nas ce a Dabai, mijinta ya rasu, kowa Sista yake ce mata. Tana riƙe 'yan tsofaffi a gidanta, yawanci waɗanda 'ya'yansu ke aikin soja a nesa. Na je ni kaɗai.

Ba zan ce aljanna ba ce. Tun daga ƙofa zarnin fitsari ya tare ni, kuma Sista tana da faɗa, na ji tana yi wa wani tsoho tsawa don ya zubar da kunu. Amma na duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, babu miki. Babu ƙarfe ko'ina. A jikin ƙyauren an ɗaura ƙararrawar wuyan akuya, duk wanda ya taɓa sai a ji. Murhu yana cikin ɗaki mai kwaɗo. Rijiya a rufe da faifan kwano da dutse a kai. Irin abubuwan da idona ke nema ke nan.

Sista ta ce, "Na san ta. Ni na karɓi haihuwar mijinki. Mayya suka ce, ko?"

Na ce haka suka ce.

"Ƙwaƙwalwa ce ta tsufa, yadda gwiwa take tsufa. Duk wanda ya zo ƙofata da wannan maganar, zan tuna masa yadda na ciro shi tsirara yana tsala ihu. Ki kawo dawa da itace da sabulu. Kuma ki riƙa zuwa da ƙafarki, ba na son aike."

Tana magana ina leƙen katanga, don gajera ce, iya ƙirji. Bishiyar mangwaron da tsofaffin ke zama ƙarƙashinta tana daf da ita. A bayan katangar ga hanya. Na san hanyar nan. Ita ce ta rijiyar unguwa, ita ce ta gona, ita ce ta coci. A ƙarshenta kuma ga rufin gidan wan mijina yana ƙyalli.

"Me kike kallo?" in ji Sista.

"Hanya, Sista. Wurin ya yi mini."

Da labari ya kai musu, tare suka zo Zuru, wan mijina da matarsa.

"A Dabai? A bakin ƙofarmu?" in ji shi. "Amarya, so kike ki tona mana asiri?"

"Wane asiri, Yaya? Uwarka ce. Kullum za ka gan ta, ko kuɗin mota ba za ka kashe ba. Ai gata na yi maka."

Facalata ta ce, "Ke dai muguwa ce. 'Yar bariki kawai."

Na ce, "Ita ce. Ke kuma ɗiyarta, ta shekara bakwai. Ƙanin mijinki ya ce in zaɓa, na zaɓa."

Na kai Mama gidan Sista, abin kuwa ya fi yadda na zata. Mama ta manta sunan 'ya'yanta, amma ba ta manta tafiyar facalata ba. Tana hango ta da tulu sai ta miƙe ta kama katanga, ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji. "Ɗiyata! Ɗiyata, zo ki kai ni gida!" Ranar Lahadi ma haka, mutane suna wucewa da littattafan waƙa a hammata, suna kallon wadda ake kira tana sauri kanta a ƙasa. In Mama ta hango ɗanta kuwa, sai ta tambaye shi ina garmarsa, rana ta yi. Ba a daɗe ba facalata ta bar hanyar. Ta koma zagayawa ta bayan rafi da tulu a ka, ta cikin ƙaya, kuma duk Dabai an san dalili. Maganar maita ta mutu, don ba mai son haɗuwa da bakin Sista. Wata maganar ce ta maye gurbinta, kuma ba a kan 'yata take ba.

Ni kuwa duk Asabar ina can da kwano. Nakan zaunar da Mama daidai inda ake ganinmu daga hanya, yarinyata tana wasa da 'ya'yan mangwaro a gefenta, in zauna a tsakaninsu. In gutsuro tuwo in dangwala a miyar yakuwa in kai mata baki.

Wata Asabar na kasa haƙuri. Ta haɗiye loma ta ce ɗiyarta ta iya tuwo. Na matso kusa da kunnenta na ce, "Mama, ni na tuƙa. Ni, 'yar bariki. Wadda ba a duƙa dominta ba."

Ta dube ni, ta ɓata fuska, ta waiga hagu da dama. Sannan ta kama hannuna ta rage murya.

"Waccan? Kar ki bari ta taɓa mini tukunya."

Na ce to, ba zan bari ba. Ta buɗe baki, na sa mata wata lomar.