Buhun Tsoho Mai Ɗakin Ƙofa

Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, ba wanda ya yarda da wani. A lokacin ina aikin jinya, ina haya a wani gida a Sabon Layi. Ɗakin da ke bakin ƙofa, maigidan ya ba wani tsoho da ba mu san inda ya fito ba. Hausarsa ba ta fita sosai, Fulatancinsa ma ba irin na garinmu ba ne. Kullum da safe sai ya kama hanyar Betso da ƙafa, ya dawo da la'asar da buhu a kafaɗa, ya shige ya ja ƙofa.

Wata rana ina shara na tsinci takarda a bakin ɗakinsa. Rubutun Larabci ne layi-layi, an ja jan biro a ƙarƙashin kalma ɗaya. Ni Kirista ce daga duwatsun Michika, kuma rabona da irin wannan rubutu tun wanda na gani a bangon cocinmu da aka ƙone. Na cusa takardar a jaka na kai wa wani malamin Larabci da nake wanke wa gyambo a asibiti.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malama, wannan kalma al-ƙaraz ce. Tsohon Larabci ne, sai a manyan ƙamus ake samunta. Bagaruwa ke nan. Larabawan zamanin da suna jimar fata da ita, kamar yadda majemanmu ke yi. A ƙasa an rubuta a dafa a sha don gudawa, a kuskure baki da ita in dasashi na jini."

Na ce, "Malam, in kuma wani abin suka laƙa wa sunan don kada a gane fa?"

"Wannan ban sani ba. Abin da ke rubuce na karanta miki."

Hankalina bai kwanta ba. Na gaya wa maigida, shi kuma ya gaya wa 'yan banga. Washegari suka tare tsohon a ƙofar gida, suka zazzage buhun a ƙasa. Bagaruwa ce, sai saiwoyi da ganyen filasko. Suka shiga ɗakinsa suka ɗaga tabarmarsa, suka leƙa tukwanensa, ba su samu komai ba sai wani littafi da ya sha jiki. Suka tafi. Tsohon ya tsuguna yana tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗago, ni ya kalla.

"'Yata, ai da kin tambaye ni."

Na shiga na ɗauko takardar na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu.

Ya ƙara wata biyu a gidan. Matan gidan suka fara zuwa wurinsa karɓar maganin ciwon ciki, suna yabawa. Ni ban taɓa zuwa ba, ko kunya ce ko tsoro, har yau ban tantance ba. Muna gaisawa dai. Amma har ranar da ya ɗora kayansa a keke napep ya tafi, ban daina leƙe ta labule ba duk lokacin da na ji motsin ƙofarsa.