Maganar Likitan da Na Rage

Akwai ranar da ko tsufa ya ci ni ba za ta fita a raina ba, ranar da na yi wa wata baiwar Allah tafinta a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Ina shekara ta huɗu a karatun likita a lokacin, Sinanci ya zauna a bakina. Ita kuma 'yar Romaniya ce, maƙwabciyata a bene ɗaya, doguwa har sai ta sunkuya kafin ta shiga ɗakina. Ƙwallon raga take bugawa tun tana yarinya, ta zaga ƙasashe, a ƙarshe wata ƙungiya a nan ta ɗauke ta. Mun saba sosai. Har Tianxiu, inda 'yan Afirka ke hada-hada, take raka ni cin tuwo, tana hawayen yaji tana neman ƙari.

Wata safiya ta shigo tana ɗingishi. Ta ce, "'Yar'uwa, raka ni asibiti. Ba na so ƙungiya ta sani, wasan ƙarshe saura kwana huɗu."

Likitan ya daɗe yana duba hoton gwiwarta. Ya juyo gare ni ya ce, "Faɗa mata jijiyar ta kusa tsinkewa. Idan ta yi tsalle a kanta yanzu, da wuya ta sake wasa."

Ta riƙe hannuna. "Me ya ce?"

Na san mahaifinta, wanda ya fara koya mata wasan, yana hanya don ya kalle ta. Na dubi idonta, sai zuciyata ta karaya. Na ce, "Ya ce akwai rauni, ki bi a hankali, ki huta in kin samu dama."

Ta rungume ni tana dariya. Ni kuwa har ina ganin na kyauta.

Ina cikin 'yan kallo ranar wasan. A zagaye na biyu ta tashi sama ta doki ƙwallo, tana dirowa ƙafar ta lanƙwashe. Ƙarar da ta yi ta rufe hayaniyar filin gaba ɗaya. Mahaifinta ya sauko da gudu yana kiran sunanta.

Bayan tiyata na je na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai kawai ta ce, "Wataƙila ko na sani da na buga. Amma ni ya kamata in zaɓa, ba ke ba."

Ta koma ƙasarsu da sanduna. Na ji tana koyar da yara wasan yanzu, amma saƙonnina ba ta taɓa amsawa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yau ni ce ke zaune a kujerar likita a Kano. Duk nauyin magana nakan faɗa wa mai ita, a hankali amma cikakkiya. Na gane cewa in na ɓoye wa mutum gaskiyar jikinsa da sunan tausayi, kaina kawai na tausaya wa.