Ƙwayoyin da Ke Magana a Ciki

Ranar da masu ciki suka fara dawo mana da maganin ƙarin jini ba ta taɓa fita a raina ba. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina ƙaramar nas a ɗakin awon ciki a unguwar Dogo Tebo. Aikina in auna mace, in ba ta jajayen ƙwayoyi na wata guda. Ranar nan kuwa kowace sai ta kwance bakin zane ta ajiye min su a tebur. Kaina ya ɗaure tamau.

Wadda ta fi tayar min da hankali Hajara ce, matar wani mahauci a Kasuwar Shanu. Cikinta ya tsufa, idonta fari fat, ƙafa ta kumbura. In ta haihu a haka, jini kaɗan ta zubar sai wani ikon Allah.

"Sista, Iya Gambo ta hana," in ji ta.

Iya Gambo ungozomar unguwa ce, maganarta ta fi tamu kaifi. Na same ta a gida tana ɓarar gyaɗa.

"'Yata, ai likitanku ne ya faɗa da bakinsa. Ya ce ƙwayoyi na taruwa a cikin mace, su manne, su yi ta magana da juna kafin ciki ya zauna. Abin da ke ƙus-ƙus a mahaifa zan ba 'yar mutane?"

Sai a nan na tuna. An yi wa ungozomomi bita, wani likita ya nuna hoton farkon halittar ɗan Adam: ƙwai ya rabu biyu, huɗu, takwas, sannan su matsu, su buɗe 'yan ƙofofi tsakaninsu suna aika wa juna saƙo. Likitan da Turanci ya yi bayani, mai fassara ya ce ƙwayoyin halitta, Iya ta ɗauki ƙwayoyi ta bar halitta.

Na ce, "Iya, waɗancan ba na haɗiya ba ne. Da su aka gina ni, aka gina ki."

"Da ƙwaya aka gina ni? To me suke faɗa wa juna?"

Na yi ta kame-kame. Wallahi har yau ban san amsar ba.

Da na ga bayani ba zai kai mu ba, sai na koma wurin babbar nas. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauko maganin ƙarin jini na ruwa. Na kai wa Iya, ta jijjiga kwalbar, ta kara a kunne, ta ce wannan shiru yake. Hajara ta sha, ta sauka lafiya, da ɗan jinin da ya ishe ta.

Abin da na koya, a aikin nan ba abin da ka faɗa ne ke shiga jikin mutum ba, abin da ya ji ne. Tun daga nan ban ƙara cewa ƙwaya a gaban mai ciki ba sai in ƙwayar tana kan tafin hannuna.