Ranar da Na Zuba wa Alhaji Bilic

Yayana ya daɗe yana shiga tankunan ɗanyen mai, igiya a ƙugu, shebur a hannu, yana kwashe baƙin dagwalon da ke kwantawa a ƙasa. Ɗan kwangilar, wani Alhaji daga Unguwar Mu'azu, bai taɓa saya wa ma'aikatansa takunkumi ba. In sun fito sai a miƙa wa kowa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Ba ta wanke na yayana ba. Yanzu daga ɗakinsa a Nasarawa zuwa bakin titi sai ya huta a hanya, kuma Alhaji ko leƙo shi bai yi ba. Ni na ci gaba da riƙe wa Alhaji injin famfo, ina gaishe shi kullum, ina jiran ranata.

Sai masu tankunan suka hana mutum shiga. Aka kawo sabuwar hanya: wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo a durom, suna fitar da kumfa kamar sabulu, a tura su cikin tanki su narkar da dagwalon. Aka ba Alhaji tanki ɗaya na gwaji, in ya kasa ya rasa kwangilar. Matar da ta kawo kayan ta ja mana kunne cewa abin nan mai rai ne, kada magani ya taɓa shi. Lokacin Alhaji yana mota yana waya.

Durom-durom suka ɗauki tsami kamar gidan burkutu. Ana gobe masu tankunan za su zo ganin fara aiki, Alhaji ya toshe hanci.

"Kai, warin nan zai kunyata ni gaban manya. Zuba masa bilic!"

"Duka, Alhaji?"

"Duka mana! Ka tsaya kana kallona."

Wallahi ban taɓa yi masa aiki da zuciya ɗaya kamar ranar ba. Na zazzage bilic ɗin wankin nan cikin kowane durom, har sanda na sa na juya.

Muka tura mataccen ruwa cikin tanki. Da wa'adi ya cika aka buɗe ƙofar tankin, dagwalo yana nan daram. Na tsaya kusa da Alhaji don in ga fuskarsa da kyau. Kwangila ta tafi, aikina ya bi ta, kuma har yau ban ji ko ɗar ba.

Na zauna bakin katifar yayana na ba shi labari. Ya yi ta dariya har tari ya turnuƙe shi, na tallafe shi ina shafa masa baya. Da numfashi ya dawo, ya riƙe hannuna.

"Ƙanena, sake ba ni. Daga inda ya toshe hanci."