Ranar da na zare wayar wuta

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni ne na zare wayar wutar, da hannuna, har ina murmushi lokacin da nake zarewa, don a zatona taimako nake yi.

Karatuna bai wuce aji biyu na lekkol, makarantar boko, ba, can Damagaram, shi ma rabinsa a bayan katanga na yi shi. Na ja babbar mota tsakanin Agadas da Tamanraset har idona ya fara yi mini gardama, sannan na koma gadin wani ɗakin ajiyar kaya a unguwar Sersouf, nan Tamanraset. Amma Allah ya ba ni ɗiya mai kai. Ta je Alje, babban birnin Aljeriya, ta karanto aikin ordinato, wato kwamfuta, ta dawo da wata tsohuwar na'ura mai ƙugi kamar firij, muka share mata kusurwa a zaure.

Wani mai ajans, wato kamfanin masu kai Turawa yawon duwatsu, ya ce ta yi masa shafi a intanet inda baƙi za su zaɓi hanya su rubuta ranar zuwansu. In ya gani ya yi masa, ta samu kujera a buronsa, wato ofishinsa. Ya ba ta zuwa Laraba. Ni da uwarta mun san abin da ba mu faɗa wa juna ba: in aikin nan ya kuɓuce, Alje za ta koma, kuma ba lallai ta dawo ba.

Ina zaune ina kaɗa shayi nake jin tana tsaki. Ta gyara rubutu, ta duba shafi, ba abin da ya canza. Na tambaya. Ta ce, "Baba, akwai wani shiri a ciki, sarba ake ce masa. Shi ke ɗaukar abin da na rubuta ya nuna a shafi. Amma sau ɗaya yake karantawa, lokacin da ya tashi. Duk gyaran da na yi bayan nan bai san da shi ba, sai na kashe shi na sake tada shi."

Na ce, "Wannan ai tsohuwar motata ce. In ka taɓa mata famfon gazuwal, wato man dizal, sai ka kashe ka tada kafin ka ji sabuwar murya."

Ta yi dariya ta ce na gane. Kai, wannan kalma ita ta jawo komai. Abin da ban lura ba, ita da yatsu biyu take kashe sarban shi kaɗai, sauran na'urar tana nan da ranta.

Ran Litinin da hantsi ta yi tsaki, ta ce bai canza ba, sai uwarta ta kira ta madafa. Na ce bari in rage wa yarinya aiki. Na zare waya daga bango, na ƙirga goma kamar yadda nake ba inji hutu, na mayar. Da ta dawo, rubutun da take kai tun safe, wanda ba ta adana ba, ya tafi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dai dube ni ta ce, "Baba, wa ya aike ka?"

Na ce, "Ilimi ne ya yi mini yawa."

Aka ja mini iyaka da tabarma, ba ni ƙetare bakinta. Daga nan nake kallo, kuma ni kallo na iya shi. Ran Talata ta yi kusan awa tana farautar kuskure, ta goge nan ta mayar can, shafi ya ƙi motsi. Na yi gyaran murya na ce, "Kin kashe shi kin tada?" Ta danna yatsunta biyu. Gyaran ya fito, ashe tun ɗazu daidai yake. Daga nan duk tsakin da ta yi sai in ce, "Kashe, tada," har ta roƙe ni da girman Allah in bari.

Sai na ce, "To ki ji. Ni a wurin gadi ba na jira a zo a ce mini an taɓa kwaɗo. Zagayawa nake, in duba, in ga ko yadda na bar shi yake. Wannan sarban naki ba a iya sa shi zagaye?"

Ta miƙe. Ta yafa mayafi ta tafi shagon intanet na bakin kasuwa, ta dawo da takardu cike da Faransanci. Ashe masu abin sun tanadi haka, layi ɗaya ne ake rubuta masa, ya riƙa leƙa rubutun lokaci-lokaci, in ya ga an taɓa ya sake karantawa da kansa. Ta rubuta. Ya bi. Sau ɗaya ya yi zumuɗi ya kwashi aiki rabi da rabi ya faɗi, ta ce, "Gardinka garaje gare shi." Na ce gado ne.

Ran Laraba bayan la'asar mai ajans ya zo, rawaninsa har hanci, Hausarsa ta Agadas. Ya duba ya ce, "Ƴata, tafiyar Idlès kwana uku ce, ba biyu ba. Hanyar nan ba ta tausayin mota. Yaushe za ki iya gyarawa?" Ta taɓa, ta adana, ta danna. Uku ya fito a shafi, mutumin yana tsaye bai ko ajiye kofin shayinsa ba. Ya sa ta ƙara zango a In Ekker, shi ma ya fito. Ya ce ta zo buro ran Asabar.

Bai gama fita daga layinmu ba na shiga cikin gida ina shelar cewa dabarata ce, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Uwarta tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, shekara talatin ina gyara ka. Ka tambayi ɗiyarka ko akwai irin layin nan da za a rubuta maka."