Tukunyar irin kakana

Jiya wata baƙuwa da na ɗauko a babur daga Mafara ta ce ƙamshin lakar bakin gulbi ya yi mata daɗi. Ni kakana ya tuna mini.

Garinmu tsoho ne, can ƙasa da Bakura. Akwai ragowar ganuwa, da ramukan marina, da tsamiyar mashaya inda fatake ke sauke jakuna tun zamanin kakannin kakana. Amma jar shinkafa aka san mu da ita, mai bin ruwa: gulbi na cikowa, tana ƙara tsawo. Kakana yakan yafa iri da ruwan fari, ya rage tukunya guda, ya liƙe bakinta da laka saboda baƙar shekara.

Da anka datse gulbi a Bakolori, ruwan ya zo ɗan kaɗan ya koma. Shinkafa ta bushe a tsaye. Munka ci dawa.

Da wata damina ta kama, sai na ga tsoho ya ɗauko tukunyar. Kakata ta tare ƙofar ɗaki.

"Malam, rage ko tafin hannu guda."

"Ke, wanga gulbi ya girmi mai datse shi. Bara ya yi nawa, bana shina zuwa."

"In bai zo ba fa?"

"Sai ki dahwa ni."

Ta yi dariya ta kauce. Ni na riƙe masa ƙwaryar irin, ya yafa har ƙwayar ƙarshe. Ya kafa kara a bakin fadama, kullum da hantsi ya je ya duba ko ruwa ya taɓa shi. Har kaka ta yi, karan nan bai jiƙe ba. Bai sake maganar shinkafa ba. Tukunyar kuwa kakata ta mai da ta akurkin kaji.

Yanzu baƙi nake ɗauka, ka ji sana'ata. In kai su dam ɗin Bakolori su yi hoto, su ci kifi, in nuna musu ganuwa da ramukan da awaki ke kwana ciki. Baƙuwar jiya ta ce an ba ta labarin jar shinkafarmu, a ina za ta saya? Na ce ta hau. Na kai ta fadamar, ta tsaya tana kallon tumfafiya da busasshiyar ƙasa, tana jira mu ƙarasa.

Na kashe babur. Na ce, "Hajiya, mun iso."