Mayafin da Sinforiana Ta Ɗaura a Ƙugu

Duk garin Itauguá an san Sinforiana da abu biyu, saƙa da taurin kai. Shekara arba'in tana zaune a bakin ƙofarta tana saƙa leshin hannu, irin wanda ake ɗame ƙyalle a jikin katako a bi shi da allura zare bayan zare. Amare ba iyaka sun shiga coci da mayafin hannunta. 'Yarta tilo kuwa, Mabel, tana can Málaga a ƙasar Sifen tana jinyar tsofaffi, rabonsu da juna shekara goma sha ɗaya.

Ranar da Mabel ta bugo waya ta ce an sa ranar aurenta, sai ta ƙara da cewa, "Mama, kar ki wahalar da kanki, akwai mayafi a kanti."

"Na kanti? Ina raye?" in ji Sinforiana. "Nemi wadda za ki gaya wa wannan."

Wata bakwai ta yi a kansa. Da idonta ya fara gardama ta sayi tabarau a kasuwa ta ci gaba. Mijinta Anastasio, wanda ciwon ƙafa ya hana shi tafiya bikin, ba shi da aiki sai tsokana. "Ke da ko motar zuwa birnin Asunción kika shiga sai kin yi amai, ke ce za ki haye teku?"

"In na yi, ai ba a jikinka zan yi ba," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

Da ta gama ta yanke ƙyallen baya, ta wanke leshin, ta shafe shi da sitacin rogo, ta shanya a katakon har ya ƙame. Ita a wurinta leshin da ya sha sitaci ba a ninke shi, don haka ta ɗauke shi da katakonsa, abu kamar ƙyauren ɗaki, har filin jirgi.

Ma'aikacin da ke karɓar kaya ya dubi katakon ya dube ta. "Mama, wannan fa ba zai shiga ba. Ko ki cire ki ninke a akwati, ko ki bar shi."

"Ɗan nan, ka taɓa saƙa ko da igiyar wando?"

"Ban taɓa ba, Mama. Amma saura awa ɗaya a rufe karɓar kaya."

Ranta ya ɓaci matuƙa, sai dai ba ta da lokacin faɗa. Ta ja katakonta zuwa banɗakin mata, ta warware ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, ta tara mayafin a famfo ta wanke sitacin tas, har ya yi laushi. Ta matse shi a tawul, ta naɗa a ƙugunta a ƙarƙashin riga, ta bar katakon a jingine. Awa goma sha biyu ta yi da jiƙaƙƙen leshi a jiki cikin sanyin jirgi, haƙoranta na haɗuwa. Aman ma ta yi, har sau biyu, kuma ta ƙudurta Anastasio ba zai ji ba.

Ta sauka ran Laraba, biki Asabar. Bayan an sha koke-koken gaisuwa, ko abinci ba ta ci ba ta sa angon ya kwance katakon gadon baƙi. Garin rogon da ta kawo tsaraba shi ta dama ta yi sabon sitaci. Ta ɗame mayafin a jikin katakon gadon a baranda, ta zauna gadinsa saboda tantabaru.

Ran Juma'a ya ƙame ya yi fes. Ta cire shi ta miƙa wa Mabel, sai ta ga yarinyar ta mayar da hannuwa baya.

"Karɓi mana."

"Mama, ki ɗora min da kanki. Hannuna ya yi kaushi, zai ja zaren."

Sinforiana ta ajiye mayafin a gado ta fizgo hannuwan. Tafin duk ya tsattsage, faratan sun cinye saboda wanki da ruwan goge ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana cin abin da hannuwan nan suke aikowa, ba ta taɓa tambayar halin da suke ciki ba. Kunya da tausayi suka rufe ta, har ta kasa haɗa ido da 'yar tata.

Ta ɗauko mayafin ta shimfiɗa a kan tafukan, ta danne da nata.

"Riƙe shi da kyau," ta ce. "In ya ja ya ja. Na taho da allurata."